Ranar da Na Shiga Ƙarƙashin Lafiyayyar Mota

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Khaibar ni da Baba Harisu ba. Har yau in na tuna sai na ji kamar in mari kaina.

Lokacin ina gyaran rediyo da rikoda a wata warsha, wato shagon gyara, a unguwar Sultana cikin Madina, wayar hannu ma ba ta gama gari ba. Wani Bafilifine da muke aiki tare ya ara min kaset ɗin wasu makaɗan Turawa da ko a garinsu ba a san su ba, su suka buga abinsu da kansu. Wai rock ne, amma sun cakuɗa shi da jazz. Jita ta yi ta gurnani ƙasa-ƙasa kamar ba za a fara ba, ganga ta shigo tana ɗingishi, sai can ƙaho ya tsage da kuka. Na haukace a kan kaset ɗin nan (kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba).

To a Madina ba a yawo da irin wannan a mota da hotonsa a jiki. Dabarar samarin unguwarmu ita ce ka samo kaset ɗin wa'azi, ka toshe ramukan samansa da salatif, ka naɗi kiɗanka a kai. Ni da nake ganin na fi kowa wayo, sai na bar farkon wa'azin, saboda in wani ya kunna ya ji malam ya kashe.

Baba Harisu kuwa mahaifin Safiya ne, ma'aikaciyar jinyar da nake nema. Manyana sun je, ya ce sai ya san ni tukuna. Ana haka ya aiko in kai shi Khaibar gonar dabinon amininsa. Kowa ya san jarrabawa ce. Safiya ta ja min kunne: “Baba ba ya son ƙarya, ko ta wasa.” Na wanke mota, na sa farar tob, wato jallabiya, mai guga, na kwashe duk wani kaset mai hoto. Wancan ɗaya kuwa na bar shi, don ni kaina rigar wa'azin da na sa masa ta yaudare ni.

Muna fita gari Baba ya miƙa hannu ya ɗauko shi.

“Masha Allah, ya waladi, ɗana, wa'azi kake ji a mota?”

Ya tura shi ciki da kansa, ya ƙure murya don kunnensa ya yi nauyi. Ya zan cire malam yana tsakiyar magana? Na ce bari in jira in lallaɓa in kashe. Sai Baba ya shiga tambayar asalin kakannina, na shagala da lissafo dangi. Ban ankara ba malam ya yanke, gurnanin jita ya taso.

Baba ya karkace kai. “Kaset ya ƙare. Amma kana jin motarka kuwa?”

Jama'a, a nan ya kamata in ce, “Baba, kaset ɗina ne.” Shi ke nan fa! Sai bakin nan nawa ya ce, “E Baba, kwana biyu tana yin haka.”

“Tsaya, tsaya! Kada ka kashe mu a hanya.”

Na gangara gefen titi na kashe mota. Rikoda ta mutu, gurnani ya ɗauke. Baba ya ce, “Ka gani ko? Inji ne.” Muka buɗe gaba, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce daga ƙasa yake jin abin. Ni, mai gyaran rikoda, na kwanta da farar tob a kan tsakuwa mai ƙuna da tsakar rana, ina ƙwanƙwasa ƙarfen da lafiyarsa ƙalau. Har da cewa, “Kamar na ga wajen, Baba.” Wane waje? Kaico!

Ina can ƙasa ina shirya yadda zan fito in riga shi shiga in zare kaset ɗin, sai na ji ya ce, “Zauna nan ka saurara, bari in tayar.”

Ya murɗa makulli. Gurnani ya ɗan ci gaba, ya ce, “Yauwa, ga shi nan!” Daidai nan kuwa makaɗan nan da suka yi ta jan rai suka ga damar farawa. Ganga ta barke, ƙaho ya ƙwalla ihu, wani Bature ya kama kuka da Turanci, ga ƙofofi a buɗe, ga murya a ƙure.

Wallahi na yi niyyar zama a ƙarƙashin motar nan har Magariba.

Da na jawo jikina na fito, baƙin mai har gemu, Baba na riƙe da kaset ɗin yana juya shi.

“Ka goge malam guda saboda wannan? Ko daɗi babu!”

Na sunkuyar da kai.

“Kiɗa tsakaninka da Allah ne. Ni abin da ya dame ni, mutumin da zai shiga ƙarƙashin lafiyayyar mota don kada ya faɗi gaskiya, ina zai shiga ranar da ya ɓata wa 'yata?”

Haka muka ƙarasa Khaibar. Auren da ake sa ran yi kafin azumi, Baba ya ce a bari sai bayan Hajji ya ƙara dubawa. Safiya ta yi wata guda ba ta ɗaukar wayata, da ta ɗauka kuma dariya ta hana ta magana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

An dai ba ni ita daga ƙarshe, bayan na yi zarya gidansu a unguwar Aziziyya har takalmina ya suɗe. Abin da na koya shi ne, in asirinka zai tonu, bar shi ya tonu kana tsaye da tsabtarka. Yanzu 'ya'yanmu sun girma, Baba ya tsufa tukuf, sunayen jikokinsa ma rikice masa suke yi. Amma duk ranar da na je gaishe shi, a gaban kowa, sai ya riƙe hannuna ya ce, “Ya waladi, ya jikin motar?”