Turancina da Katangar Malam Isiyaku

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na je Funtuwa jarrabawar Turanci ta baki, wadda sai ka ci ta za a ɗauke ka makarantar share fagen shiga jami'a. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Malumfashi, kuma a garinmu Ƙarfi har Bature ake ce mini (ni ma ban taɓa hana kowa ba).

Abin ya wuce karatu. Akwai Hajara, 'yar Malam Isiyaku, malamin Turanci a wata sakandare ta Funtuwa. Manya sun riga sun shiga maganarmu, amma Malam ya ce ba zancen ɗaurin aure sai na samu shiga. Don haka na yi ta gwajin Turanci a gonar audugar babana, har maƙwabta suka fara tambayar ko lafiya.

Aka kira sunana, na shiga da ƙafar dama. Mutum biyu ne a bayan tebur. Ɗaya wata malama ce Ba'indiya. Ɗayan kuwa, wanda ashe aka gayyato don ya taya ta ba da maki, Malam Isiyaku ne.

Ban san lokacin da na tuɓe takalma na durƙusa a siminti ba. Malama ta nuna mini kujera, na ƙi. Ta tambayi sunana, na faɗa wa ƙasa. Ta sake wata tambayar, na ƙara sunkuyar da kai. A gidanmu, in ka hango surukinka a hanya kwana kake yi, balle ka zauna a kujera kana kallon idonsa kana karya harshe. Gumi ya jiƙa mini riga, na ga jami'a da Hajara suna tafiya tare.

Malam ya yi wa malamar magana ƙasa-ƙasa, ya ɗauki hularsa ya fita. Nan take numfashina ya dawo.

Ta ce in hau kujera in bayyana mata, da Turanci, dalilin zamana a ƙasa. Ai kuwa bakina ya buɗe. Na yi mata bayanin kunyar suruki dalla-dalla. Na ga tana murmushi tana gyaɗa kai, sai daɗi ya kwashe ni. Na ba ta labarin Hajara. Na faɗa mata cewa tun da Malam ya hana zance sai bayan jarrabawa, ta katangar bayan gida muke gaisawa duk ranar Asabar, ni a kan sirdin keke, ita a kan turmi. Har kwaikwayon ƙarar Besfa, babur ɗin Malam, na yi mata, da yadda nake dirowa in na ji ta (wallahi babu wanda ya tambaye ni wannan).

Ta ce madalla, ina iya tafiya.

Ina fitowa, ga Malam zaune a kujera daidai ƙarƙashin taga, biro a hannu. Ashe dole mutum biyu su ba da maki, shi ya sa ya koma inda zai ji ni ba tare da na gan shi ba. Na so ƙasa ta tsage. Na sake durƙusawa, takalma a hannu.

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Turancinka ya yi, yaro. Ka gai da mahaifinka."

Na ce, "Zai ji, Baba."

Na ci jarrabawa. Ranar Asabar na garzaya da kekena in kai wa Hajara albishir, na tarar an ƙara wa katanga tsawo, laka ko bushewa ba ta yi ba.

An dai yi auren daga baya. Amma har yau, kowane harshe zan yi magana da shi, in na ji bakina ya fara daɗi, sai na leƙa taga tukuna.