Ranar da Na Cinye Ɗan Yaya Habu

Biko na je Kibiya. Na tarar da yayan matata, Yaya Habu, a zaure suna wani wasa mai kama da lido, sai dai kati ke tafiyar da 'ya'yan, kuma biyu-biyu ake haɗa kai. Ya sa ni ɓangarensa, ya fara min bayanin dokar gidan. Na ce, "Bar shi, Yaya, a Rano ni ake tsoro."

Kati na zuwa hannuna na cinye wani jan ɗa da ke dab da shiga gida, har da kirari. Na Yaya Habu ne.

Ya ce, "Ashe haka kake yi wa na gida."

Ni kaɗai na koma Rano. Daga baya matata ta dawo, amma har yau yaran gidansu suna kirana Baba Ci-gida.