Ranar Da Na Wanke Wa Bature Kogi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da aika-aikar da na yi lokacin kullen korona, ina ɗalibi a Setapak, can ƙasar Malesiya, karatu duk ya koma ta bidiyo.

Wani kwas na nazarin zane na ɗauka don tsintar maki. Aka haɗa ni aiki da Maryam, 'yar Zariya mai karatu da tallafin gwamnati, wadda in makinta ya sauka tallafin ya tafi. Aka ba mu zanen wani Bafaranshe: kogi da yamma, duk dishi-dishi. Maryam ta yi sati tana rubutu kan yadda hasken rana ke wargajewa a ruwa, da yadda inuwar itatuwa ke sa mai kallo kewa. Nawa aikin ɗaya ne tak: in ɗora hoton a allo.

To ni a shagon hoton babana na tashi a Fagge, inda ko amarya ko ɗan takara, magana ɗaya ce: a haska ni. Ina ganin zanen na tausaya wa Baturen (a zatona hannunsa ke rawa). Na zauna a kwamfuta na share hazon, na kashe inuwar, na mayar da ruwan shuɗi garau kamar na kalanda. Ban faɗa wa Maryam ba, wai ba-zata zan yi mata.

Ranar gabatarwa ta fara karanto bayanin inuwa cikin natsuwa, sai malamarmu, wata dattijuwa 'yar Malesiya, ta tsayar da ita, ta tambaya wace inuwar. Maryam ta ɗago ta dubi allo. Ni kuwa uban iya, na kunna makirfo ina murmushi, na ce ai hoton ya lalace ne, na gyara.

Malama ta ce bawan Allah ya ƙarar da rayuwarsa yana farautar wannan hazon, ni na goge shi kafin la'asar.

Maryam ta manta makirfonta a kunne, ta ce da Hausa, "Malam, ina ka kai min inuwata?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Da kyar na roƙi malama ta bar Maryam ta sake, ita kaɗai, sifilin ya zama nawa.

Tun daga ranar, ko tuwo na gani da duhu-duhu, sai na tambayi mai shi kafin in ce ya ƙone.