Sha Takwas da Ɗoriya

Wani mutum ne a nan Kafanchan, ba zan faɗi unguwarsu ba don wajen matarsa nake sayen doya. Shekara shida yana neman kujerar shugaban zumuntar maza a cocinsu, shekara shida yana shan ƙasa. Bana ya ce ko ana ha-maza ha-mata sai ya ci. Zaɓe ranar Lahadi ne, sai ya yanke shawarar tara dattawan ikilisiya a falonsa ranar Asabar da la'asar, ya cika su da farfesun akuya, ya sa musu fim, gobe kowa ya tuna da shi.

Ya wuce shagon Uchenna mai tura finafinai a filas, can kusa da tashar jirgi.

"Uchenna, ba ni fim na manya."

Uchenna ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya. "Oga, kai? Na manya manya?"

"Manya sosai. Ƙaraminsu ma ya yi ritaya."

"Chineke! To akwai mai zafi, akwai mai sauki. Mai sauki ba ya nuna abu duka, rabi rabi ne."

"Ba ni mai sauƙin. Yawancinsu hawan jini gare su."

Uchenna ya tura masa, ya nuna masa wata jar alama a jikin hoton fim ɗin. "Ka gani? Sha takwas da plos. Gwamnati ya ce kasa da sha takwas ba ya kallo o."

Mutumin ya gyaɗa kai kamar tsohon alƙali. "Doka doka ce," in ji shi.

Ranar Asabar dattawa suka hallara, aka yi addu'a, aka ga bayan farfesu. Mutumin ya tsaya yana ƙirga kawuna. Sha bakwai. Ya sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, sha bakwai dai. Shi kuwa ba ya cikin lissafi, don janaretansa irin mai tarin nan ne, sai an tsuguna a waje ana lallashinsa.

Baba Kambai, tsohon hedimasta kuma babban dattijo, ya ce, "Kunna mana mana."

"Baba, ba mu cika ba. Ba zan karya dokar gwamnati ana gobe zaɓe ba."

Ya hau babur, sai coci, inda zumuntar mata ke koyon waƙa. Ya ɗauko shugabarsu Mama Faustina ta cike sha takwas, ya haɗo da Afiniki mai buga tulu a matsayin ɗoriya. Ya saki labule, ya danna rimot, ya fice wajen janareta yana jin kansa shugaba.

Fim ya fara da wani busa mai kasala. Sai ga wata baturiya ɗaure da tawul ta buɗe wa mai gyaran famfo ƙofa. Shi kuma bawan Allah ya zo aiki ba riga, ba ko sifana.

"Yesu Mai Ceto!" in ji Mama Faustina. Ta rufe fuska da ɗankwali, amma ta bar wa ido ɗaya hanya.

Baba Zamani, tsohon direban jirgin ƙasa, ya girgiza kai. "Duniya ya lalace. A zamanin mu kalanda ne kawai, mace ɗaya a bakin ruwa, ita ma sai ka shiga ɗakin sitashan masta. Da kaset ya zo, a ƙarƙashin kantar shago ake sayarwa." Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi ya san wurin.

Wani ya yunƙura zai tashi, Baba Kambai ya ɗaga sanda. "Kada kowa ya motsa! Dole mu san iyakar zunubin kafin mu yanke hukunci." Ya goge tabarau, ya jawo kujera gaba.

Shi kuwa fim ɗin ɗan rainin hankali ne. Da an zo wurin, sai kyamara ta koma kan fankar silin, ko kan kyandir. A karo na uku aka ji tsaki a layin baya, kowa ya waiwaya yana neman mai shi.

Tawul na shirin zamewa ke nan janareta ya yi tari ya mutu. Can sai wata murya ta fasa labule, "Kai! Ja igiyan nan mana!" Mutumin ya ja. Haka aka yi har sau uku, aka kai fim ƙarshe, har sunayen 'yan wasa sai da aka karanta.

Washegari maimakon zaɓe sai zaman hukunci. Pasto ya dawo daga Kujama ya tarar labari ya riga shi shiga gari. Baba Kambai ya miƙe da Littafi a hannu, ya ce a cire sunan mutumin daga takara, a sa shi horo na wata shida a bencin baya.

Mutumin ya ji kamar ya fashe da kuka. "Baba Pasto, na manya aka ce, na kira manya. Sha takwas aka ce, na cika har da ɗoriya. Ni ko leƙawa ban yi ba, ina waje."

Baba Kambai ya daka masa tsawa. "To da ka ji mata suna kiran Yesu, me ya hana ka kashe janaretan?"

Mutumin ya ce, "Haba Baba! Ai sau uku yana tuba da kansa, kai ka ce in ja igiya."