Murabus ɗin Shugaba Kassimu

"Duk ƙasar Gobir, daga Burkusuma har Isa, babu mai danna waya irina. Intanet ɗin nan in ta ji muryata, durƙusawa takai."

Mai wannan cika baki Kassimu ne, ɗan Unguwar Lalle, wanda ko lambar wayarsa sai ya zaro takarda daga cikin hula ya duba. Ka san irinsu, aboki: kai kamar tulu, basira kamar ƙwayar gero. Ni ganinsu kaɗai tayar mini da hawan jini yake.

To, wata ƙungiyar agaji ta zo da taki, ta ce manoma su yi rajista a shafinta, kowa da akawun ɗinsa, da hoto da lambar waya, sannan a haɗu rukuni-rukuni. Wanda ba ya cikin rukuni, ba shi da buhu. Kafin liman ya shafa fatiha, Kassimu ya buɗe rukuni ya naɗa kansa shugaba.

Sai shafin ya ce dole a sa mataimaki mai iko daidai da na shugaba.

"Ga maƙwabcinmu Kalilu nan," in ji matarsa Inno. "Shi ko ba komi ya yi sakandare."

"Kalilu? In ba ɗan Adam mataimaki yau, gobe in ishe shi bisa kujerata? Ina da wanda bai taɓa yi min musu ba."

Ya nufi turke, ya kifa wa jakinsa hula, ya ɗauke shi hoto. Suna: Alhaji Auraki. Da yake lamba ɗaya ba ta buɗe akawun biyu, sai ya sa ta Inno.

Daga nan mulki ya hau masa kai. Kalilu ya gaishe shi a tsaye, ya cire shi daga rukunin. Marwan ya tambayi wane ne Alhaji Auraki, ya cire shi. Mai shayi ya rage masa madara, ya cire shi, ya haɗa da ƙanensa.

Jama'a suka taru gindin dogonyaro suka yi masa ca. Gogan naka ya tuna dabarar manya. Shugaba in an matsa masa sai ya ce ya ajiye. A roƙe shi sau ɗaya ya ƙi, sau biyu ya kau da kai, a na uku ya ce to, don darajar dattawa.

"Na aje. Ku shaida, fita za ni."

Ya danna fita. Shafin ya rubuto: Ka tabbata?

"Kun gani? Har ta fara ba ni haƙuri."

Ya danna e, ya harɗe hannu yana jiran roƙo na biyu.

Shiru. Ya girgiza wayar. Ya ɗaga ta wajen Nijar ko sabis ne. Sai ga saƙo: Ba ka cikin wannan rukuni. Sabon shugaba, Alhaji Auraki.

"Wanga abu ba shi da tarbiyya. Sau guda ɗai aka roƙon dattijo?"

Ya sheƙa gida. Ikon duk ya koma wayar Inno, har ta mayar da kowa ciki ban da shi.

"Inno, maida ni."

"Ni wa? Ni sakatariyar Alhaji ce. Ya ce ka rubuto takarda, shina dubawa."

"Jakin nau?"

"Iya bakinka, Malam. Kan abin da bai kai haka ba ka kori mutum sha ɗaya."

Kwana uku Kassimu na kai gaisuwa turke da dusa da harawa, kafin a karɓe shi memba na ƙarshe, can ƙasan jeri.

Ranar rabo a Sabon Birni, jami'ar ƙungiyar, Malama Basira, ta ce ba a buɗe motar taki sai shugaba ya bayyana, fuska ta dace da hoto. Haka Kassimu ya jawo jaki da hula, kasuwa ta watse ta biyo su. Basira ta dubi waya, ta dubi jaki.

"Shi ne. Shekara uku ina aikin nan, ban ga wanda ya yi kama da hotonsa haka ba."

Jakin ya buɗe baki ya rangaɗa kuka. Manoman Isa da suka zo nasu rabon suka ce jawabin ya yi ma'ana.

Sai da kowa ya samu aka miƙo wa Kassimu buhunsa. Ya cicciɓa zai aza wa jakin, Kalilu ya riƙe masa hannu.

"Haba Kassimu, ina ladabi? Memba shi aza ma shugaba kaya? Ɗora bisa kanka. Kuma bi baya, kar ka sha gaban manya."