Dobul ɗin Malam Sufeto

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata yammar Alhamis a Birnin Kudu ba, ranar da karta ta hana ni zuwa Ingila.

Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na tura malamai ƙaro ilmi ƙasar waje kamar ana rabon goro. Ni kuwa ina ƙaramin malamin lissafi a wata sakandare, ɗan Fagam, ban taɓa wuce Kano ba. Sai aka ce an ba makarantarmu gurbi ɗaya tak, kuma wani sufeton ilmi, Malam Garba, zai zo daga Kano ya zaɓi wanda za a tura. Sunana na cikin ukun da aka miƙa. Kafin ma ya iso na riga na ɗinka kwat (kwat mai kauri, a zafin Birnin Kudu, ku ji fa).

Ranar da ya zo, wani malaminmu Ba'indiye, Mista Rao, ya leƙo ofishin malamai yana cigiya. Wai Malam Sufeto ya koyo wasan karta da ake kira birij can a Ingila, yana son a buga bayan la'asar, ga shi su uku ne har da matar Mista Rao, wasan kuma sai mutum huɗu. Wa ya iya?

Ni da na ji an ce karta, sai na tuna ba wanda ke ja da ni a wot tun daga Fagam har Gwaram. Ga kuma dama ta zama kusa da mai zaɓe. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Haba, birij? Ai tun ina yaro."

A hanyar gidansa Mista Rao ya gane ƙarya na yi, ya yi mini karatun minti goma. Ba caca ba ce, maki kawai ake tarawa. Bibbiyu ake yi, abokinka na zaune gabanka. Kafin a jefa ko kati ɗaya sai an yi ciniki: kowa ya faɗi yawan cin da yake ganin shi da abokinsa za su yi, da irin katin da zai zama sarki. In ba ka da ta cewa, ka ce fas. In kana ganin abokan hamayya sun cika baki, ka ce dobul, wato in sun faɗi hukuncinsu ya ninku, in kuma sun ci ladansu ya ninku. Na ce to wannan ai lissafin aji ɗaya ne.

Aka zaunar da ni gaban Malam Sufeto, ni ne abokinsa. Dattijo ne mai tabarau, ba ya dariya sai da dalili. Matar Mista Rao, wadda muke kira Madam, ta kawo shayi aka raba kati.

Mista Rao ya ce kubi ɗaya (kubi shi ne mai hoton jar zuciya, akwai kuma wani irin katin da ake kira baƙin ganye). Na ce fas. Madam ta ce kubi biyu. Malam Sufeto ya gyara tabarau ya ce, "Dobul."

Magana ta zagayo kaina. To ni dai a gidanmu, in babba ya yanke magana ba ka ɗora taka a kai. Mahaifina ko tari ya yi sai mu nutsu. Mutum ya taso daga Kano, ya yi karatu a Ingila, ya ce dobul, ni wane ne da zan gyara masa? Na sunkuyar da kai na ce fas, har ina jin daɗin yadda na nuna tarbiyya.

Wayyo! Mista Rao ya yi ta kwasar ci kamar mai tsince gyaɗa a gonar da ba mai ita. Da aka gama, Malam Sufeto ya ce in nuna masa abin da na riƙe tun farko. Ya duba ya ce, "Malam, baƙin ganye biyar a hannunka ka yi shiru? Dobul a ƙasa-ƙasa irin wannan ba hukunci ba ne. Ce maka nake ina da ƙarfi a sauran nau'in katin, ka zaɓa mana. Kiranka nake yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga babba ya yi magana ne."

Ya ce, "A teburin nan ba babba. In na ce dobul, ka buɗe baki."

Na haddace wannan kamar karatun allo. Dobul, buɗe baki. Dobul, buɗe baki.

Aka yi hannu biyu lafiya, har na fara miƙe ƙafa. Sai ga wani rabo da na samu kati marasa amfani, ba sarki ba sarauniya, tarkace zalla. Mista Rao da Madam suka yi ta hawa har baƙin ganye huɗu. Malam Sufeto ya yi wani ɗan murmushi, na farko tun da ya zo, ya ce, "Dobul."

Na ce a raina yau zai ga ɗalibi mai ɗaukar karatu. Na ɗaga murya na ce, "Kubi biyar!"

Murmushin nan ya ɓace. Madam kuwa ko numfashi ba ta ja ba ta ce dobul. Na rasa inda zan sa kaina, na tambaye ta ko ita ma so take in yi magana. Mista Rao ya ƙware da shayi.

Abin da aka yi mana a hannun nan, ko a kasuwar Kiyako ba a yi wa baƙo irinsa. Malam Sufeto ya ajiye katinsa a hankali ya ce, "Malam, na kama ɓarawo a hannu, ka zo ka kwance shi ka ɗaure kanka. Wannan dobul na hukunci ne. Shiru ake yi."

Na ce, "Amma ɗazu ka ce in buɗe baki."

"Ɗazu a ƙasa muke, yanzu a sama."

Wallahi a nan kaina ya ɗaure tamau. Kalma ɗaya, baki ɗaya, mutum ɗaya, ɗazu tana nufin yi magana, yanzu tana nufin rufe mana baki. Ina malamin lissafi amma gumi ya jiƙa mini riga har ana ganin singileti. Na shiga addu'a a zuci, Allah Ya sa kada bawan Allahn nan ya sake furta ta.

Ina! Hannu na gaba aka yi ta ja-in-ja, mu mu ce kubi su su ce baƙin ganye, har aka kai uku. Ba ƙasa ba, ba sama ba, tsakiya cif. Malam Sufeto ya ce, "Dobul."

Na kalli katina, ba su ce komai ba. Na kalli fuskarsa, ba murmushi ba ɓacin rai. Na kalli fankar da ke juyawa a sama. Kowa na jirana. Ban san lokacin da na zame daga kujera na ɗan rusuna ba, na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah wannan wace iri ce? Ta magana ce ko ta shiru?"

Madam ta tashi ta shige kicin, muna jin dariyarta daga can har da buga tukunya. (Ashe tambayar abokinka a tsakiyar ciniki haramun ce a wasan, daidai take da leƙen jarrabawa.)

Malam Sufeto ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Wannan ita ce ta uku. Ma'anarta, na yi iyakar nawa, kai ma ka yi amfani da hankalinka." Ya mayar da tabarau. "Amma na ga ba ka zo da shi ba yau."

Da zai shiga mota na bi shi ina ba da haƙuri. Ya dafa kafaɗata ya ce shi rashin iyawa bai taɓa damunsa ba, aikinsa ke nan gyara marasa iyawa. Wanda bai iya ba ya ce ya iya, shi ne ba zai tura wata uwa duniya ba. Bayan mako biyu takarda ta zo, wani aka zaɓa. Na yi kuka a bayan ajinmu, ba na ɓoye muku.

Abin da na koya shi ne, kafin ka zauna gaban mutum a matsayin abokin tafiya, ka tambaye shi me yake nufi da kalmominsa tun ba a raba kati ba. Shi ya sa har gobe, in uwargida ta ce mini, "To, shi ke nan, yi yadda ka ga dama," ba na motsawa daga inda nake sai na tambaye ta wace iri ce.