Yadda Za Ki Mutu a Fim Ɗin Yayanki Ba Tare da Irin Geron Gidanku Ya Salwanta Ba

Ƴar'uwa, idan kina da kunya, ba kya iya haɗa ido da kowa, amma kina son ki fito a fim ɗin ban tsoro, ki matso kusa, don ba na iya ɗaga murya. Ni Zulfa na yi wannan aikin a ƙauyenmu da ke bayan Maijirgi, na fita da raina, hanjina kuma cikakke. Ki bi matakan nan bi da bi. Na tabbatar miki za ki yi mutuwa mai kyau, ki tashi, gidanku kuma ya yi shuka idan damina ta faɗi. Duk wadda ta bi su ta ci nasara. Kawo yanzu ni kaɗai na bi su.

1. Ki samu yayan da ya taɓa zama Maradi

Ba kowane yaya ba. Wanda ya yi wata biyu can, ya dawo da waya cike da finafinan ƙasashen waje, irin waɗanda samari ke haɗawa da kansu babu wani kamfani a bayansu. Nawa yayan sunansa Sabiru. A finafinan da ya kawo abu biyu kaɗai ke faruwa: ko likita yana yanka mutum ba tare da ya tambaye shi ba, ko ruwa yana cinye gari. Sabiru ya yi kwana uku yana tunani, ya gano babu wanda ya taɓa haɗa su a ɗaki ɗaya. Ya ce zai yi nasa: ana tsakar fiɗa, sai ambaliya ta shigo.

Kada ki tuna masa cewa rijiyar garinku zurfinta gaba talatin ne, kuma rabonku da ruwan sama wata takwas. Mai fasaha ba ya son a tuna masa garinsu.

2. Ki zaɓi aikin da babu magana cikinsa

Zai ce ki zama mai miƙa wa likita almakashi. Ki ƙi. Wannan tana da magana har sau huɗu, ɗaya ma ihu ne. Ki karɓi marar lafiya. Aikinta ta kwanta bisa tebur, a rufe ta da zane, a yanka ta, ta mutu. Mu masu kunya kamar don mu aka ƙago wannan aikin.

Innarku za ta kafa sharaɗi. Tamu ta ce kada hannun kowa ya taɓa ni, kuma kada fuskata ta fito gaba ɗaya. Sai aka ɗora mini ƙwarya a ciki ƙarƙashin zane, don ita za a yi wa fiɗar, aka bar mini ido ɗaya a waje. Ki kula da wannan idon. Zai yi miki aiki.

3. Ki bari mahauci ya zama likita

Yana da wuƙarsa, jini ba ya ɗaga masa hankali, kuma shi zai zo da hanjin akuya da za a zuba a ƙwaryar. Namu likitan sunansa Na Allah, mai fawa a kasuwar Maijirgi. An sa masa farar jallabiya gaba a baya da takunkumin da ya rage tun zamanin korona.

Sai dai ki sani, sana'a ba ta barin mutum. Na Allah ya ce shi bai taɓa sa wa mai rai wuƙa ba sai ya fuskantar da shi gabas, kuma ba zai fara a kaina ba. Sabiru ya ce haske ya fi kyau ta yamma. Suka yi ta ja har Na Allah ya fara cire jallabiya. Dole aka juya teburin, ido ɗayan nan nawa ya koma yana kallon ƙofar ɗakin Kaka.

4. Jini

Zoɓo ne, a dama shi da kauri. Kada a sa sukari. Ranar gwaji mun sa, kafin likita ya gama wasa wuƙa tururuwa ta riga shi fara aikin.

5. Ki taimaka a tara ambaliya

Kwana uku muna ja a rijiya, muna kawo bido, wato jarkoki, a amalanken jaki, kafin muka cika tano biyu, manyan duro na ƙarfe. Matan gari suka yi ta tambayar Inna ko biki za a yi. Ta ce ita ma ana gaya mata ne a hankali.

Ruwan sama na fim yana bukatar rufin kwano don ya yi ƙara. A gidanmu kwano ɗaya ne, rumfar da ke manne da ɗakin Kaka. Nan aka kafa asibiti. Laminu abokin Sabiru ya hau sama da bokiti da rariyar Inna. Rabi'u ƙanen babanmu, mutum mai iyali, ya karɓi aikin tsawa: ya zuba duwatsu a tano marar ruwa yana mirgina shi. Sabiru ya ce sau ɗaya za a ɗauka, babu maimaici, don ruwan ba zai kai biyu ba, cajin wayar ma haka.

6. Ki tambaya ko an gaya wa Kaka

Wannan shi ne matakin da na tsallake. Ki karanta shi sau biyu.

Kakanmu Malam Gambo yanar ido ta rufe masa gani, sai inuwa-inuwa yake gani, amma kunnensa da hancinsa sun fi na kowa a gari. Shekara hamsin ke nan shi ne mutum na farko da ke sa sungumi a ƙasa ranar ruwan shuka, kuma ba ya barin kowa ya manta. Irin geron gidanmu a ƙarƙashin gadonsa yake, buhu ɗaya, sussukakke. Shi ke zaɓen zangarniyar da hannunsa kowace kaka tun kafin a haifi babanmu, iri ne mai saurin nuna da ba a samunsa a kasuwa. Bara ba ta yi kyau ba. Rumbu ya kusa ƙasa, har Inna ta taɓa kallon buhun nan sau ɗaya, Kaka ya ji kallon daga inda yake zaune, ya yi gyaran murya. Idan wannan buhun ya tafi, ba mu da abin shukawa.

Sabiru ya ɗauka Inna ta gaya masa za a yi ruwan ƙarya a kan rumfarsa. Inna ta ɗauka Rabi'u ya gaya masa. Ni na san babu wanda ya gaya masa. Na je ƙofar ɗakinsa sau biyu, na tsaya, na gaishe shi, na dawo.

7. Ki mutu, amma ki bar idon a buɗe

Bayan azahar ne, Kaka yana barcin rana. Sabiru ya ɗaga hannu. Rabi'u ya mirgina tano. Laminu ya saki ruwa. Gaskiya ƴar'uwa, ya yi kyau. Ruwa na bugun kwano, yana zuba bisa ƙasar da ta yi wata takwas tana jira, ƙamshin nan ya tashi har ni da nake gawa sai da na ja numfashi.

Na Allah ya ɗaga wuƙa, ya yi bisimilla, ya zaro hanji daga ƙwarya.

Nan ne idona ya ga labulen Kaka ya motsa. Ya fito, ya tsaya, ya shaƙi iska. Ya durƙusa ya tura yatsa cikin ƙasar bakin ƙofa, ta jiƙe har gaɓa uku. Ya koma ciki. Ya fito da buhun iri a kafaɗa da sungumi a hannu, da saurin da ban taɓa ganinsa da shi ba. Amalanken da muka kawo ruwa yana nan a ƙofar baya, ba a ko kwance jakin ba. Jakin nan ya san hanyar gona fiye da Sabiru.

Duk sauran sun ba shi baya. Laminu yana sama. Ni kaɗai na gani.

Ki gwada faɗa a hankali tukuna. Na ce, "Yaya, Kaka ya fita da iri." Kwano ya cinye maganar. Na sake. Sabiru ya ga zane yana motsi wajen bakina, ya raɗa mini ba tare da ya ɗauke ido daga waya ba: "Zulfa, gawa ba ta magana."

Abin lura: masana fim sun yi ittifaƙi cewa gawa ba ta magana. Babu ko ɗayansu da ya taɓa cin tuwon gonar da aka zuba wa iri a busasshen rairayi, zabi da ɓera suka yi walima.

8. Ki tashi

Kada ki tsaya neman takalmi. Kada ki tsaya cire hanji, ya riga ya naɗe a wuyanki. Ki diro daga tebur da zane da zoɓo da komai, ki bi sawun amalanke.

Hanyar gona ta gaban fadar samari take bi, inda suke dafa shayi a gindin bishiyar bedi. Tunda na girma ban taɓa bi ta nan ba, zagayawa nake ta bayan masallaci. Ran nan na ratsa ta tsakiyarsu. Ban ga fuskokinsu ba, bayansu kawai na gani. Mata biyu a bakin rijiya suka saki guga da igiya. Wani kare ya biyo ni, shi ba tsoro ya kawo shi ba.

A bayana Sabiru ne ke gudu da waya a ɗage, yana cewa kada in juyo, haka ya yi daidai. A bayansa Na Allah da wuƙa tsirara, yana kiran a dawo masa da hanjinsa, gobe kasuwa. Wannan bai taimaka wa mutanen gari su kwantar da hankali ba.

9. Ki yi magana yadda za a ji

Na tarar Kaka ya gama layi uku. Yana sara, yana jefa iri, yana rufewa da diddige, shi kaɗai yana aikin mutum biyu. Rana na dukansa, ƙura na tashi daga kowane rami.

Na tsaya a bakin gona na kira shi da muryar da ban san ina da ita ba. Har jakin ya ɗaga kai.

Kaka ya dakata. Ya ce, "Wace ce?"

"Zulfa ce, Kaka."

"Amaryata Zulfa ba ta da wannan muryar. Rabon da in ji ta sosai tun ranar sunanta."

Na je na kama hannunsa na tura cikin ramin da ya sara yanzu, na ce ya ji, ƙasa a bushe take. Ya ce ya sani. Ruwan yana bayansa, shi ne ya riga shi isowa, kuma ba yau ya fara ba.

Na ce, "Kaka, ba ruwan Allah ba ne. Laminu ne bisa kwano da rariyar Inna. Tsawar kuma Baba Rabi'u."

Ya ɗaga fuska sama, ya juya ta gabas, ya shaƙa. Ya daɗe a haka. Sannan hannunsa ya sauka a kafaɗata ya ci karo da abin da ke wuyana. Ya murza shi da yatsa, ya ce na akuya ne, kuma ba ta ƙoshi ba. Daga nan ya kama bakin buhun ya ɗaure da kansa, ƙulli biyu, ya ɗora mini a ka.

"Riƙe," ya ce. "Daga yau ɗakinki zai kwana. Ke kaɗai ke kallon gabas a gidan nan."

10. Ki bar wa Kaka hukunci

Bai zagi kowa ba. Ya zauna bisa amalanke, ya tambayi Sabiru tano nawa aka zubar. Sabiru ya ce biyu. Kaka ya ce madalla, ashe a gidansa akwai masu saukar da ruwa shi bai sani ba. Tunda haka ne, layi ukun nan da ya shuka ba za su mutu ba. Sabiru da Laminu da Rabi'u za su riƙa yi musu ruwa kowace safiya, da rariya, har na Allah ya sauko. Rabi'u ya tambaya ko har da tsawa. Kaka ya ce har da ita.

Kwana goma sha tara suka yi.

Ran na ashirin da hantsi gabas ta yi baƙi. Aka yi ruwa irin wanda Sabiru ya yi ta mafarki, ya cika lungu, ya tafi da teburin fiɗa har ƙofar gidan maƙwabta. Ambaliya kyauta, babu ja a rijiya. Ba a ɗauki ko ƙiftawar ido ba. Wayar tana ɗaki cikin leda, mai ita yana gona a bayan Kaka yana jefa iri, ni ina gaba da buhu a ka. A garinmu babu mai riƙe waya ranar shuka.

Fim ɗin bai ƙaru daga inda na tashi ba. An ce ya kai Tasawa da Mayahi a wayoyin mutane, kuma gudun nawa ne ake maimaitawa. Layi ukun nan sun fi duk geron gari tsawo, Kaka kuma yana gaya wa duk wanda ya zo gaishe shi cewa bana ma shi ya fara shuka, da ratar kwana goma sha tara.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba ta da alhakin gugar da ta faɗa rijiya, ko butar shayin da aka taka, ko karen da har yau yake jiranta a ƙofar gida. Idan kakanki ya kai layi na huɗu kafin ki buɗe baki, wannan tsakaninki da shi ne. Mai ƙorafi ya je wurin Sabiru. Kada a zo wurina, don ba zan iya fitowa ba, kunya nake ji.